Mawaƙan Gobir, Ku Koyi Turancin Takarda

Jama'a 'yan'uwa talakawa, da ku 'yan kasuwar Gatawa da Sabon Birni da Isa, a wannan mako ina so mu duba al'amarin samarinmu masu sha'awar waƙa, waɗanda ke ta tambaya ko lalle sai mutum ya iya Turanci kafin ya ci abinci da muryarsa. Ni a ganina, waƙa dai a bar ta da Hausa. Amma takardar da ke bin bayan waƙa da Turanci ake rubuta ta, wanda kuwa bai iya karanta ta ba, wani zai yi ta yi wa noma.

Ƙasarmu ba baƙuwar waƙa ba ce. Ibrahim Narambaɗa mutumin Tubali ne, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu, har yau kuwa malamai na nazarin waƙoƙinsa a jami'o'i. A zamaninsa makaɗi ba shi da bukatar takarda. Ya tsaya gaban ubangidansa ya yi waƙa, a ba shi doki ko riga ko hatsi, ciniki ya ƙare ido da ido. To, zamani ya juya. Yau ana ɗaukar waƙa a na'ura, ta shiga wayar hannu, ta kai Maraɗi da Kano da Jidda tun mai ita bai koma gida ba, a yi ta jin ta shekara da shekaru, kuma jin nan yana jawo kuɗi. Aljihun da kuɗin za su shiga kuwa, takarda ce ke faɗa.

Ga misali daga Afirka ta Kudu. A 1939 wani Bazule mai suna Solomon Linda ya yi waƙar Mbube a birnin Johanasbag, kamfani ya buga ta a faifan garmaho. Abin da aka ruwaito an ba shi a kan haƙƙinsa sule goma ne. Waƙar ta haye teku, Amurkawa suka sake mata riga, ta yi tashe a 1961, kana kamfanin Disney ya sa ta cikin fim a 1994. Shi Linda ya rasu a 1962 cikin talauci. Sai a 2006, bayan an kai ƙara kotu, aka yi sulhu da 'ya'yansa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan.

Abin lura shi ne doka tana bayan mawaƙi. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda aka sabunta aka sa mata hannu a 2023, ta ce waƙar da mutum ya tsara tasa ce muddin ransa, sa'an nan ta magadansa ce har shekara 70 bayan rasuwarsa. Ta kuma ce sayar da wannan haƙƙi ba ya tabbata sai a rubuce. Watau gonar taka ce, ba mai raba ka da ita sai sa hannunka. Shi ya sa ranar sa hannu ta fi ranar waƙa hatsari.

Ku 'yan kasuwa da manoma kun san bambancin sayar da gona da jinginar da ita da ba da ita haya. Haka abin yake a takardar waƙa, sai dai kalmomin na Turanci ne. Abin da mawaƙi zai nema ciki kaɗan ne. Shin sayarwa ce kwata-kwata, ko izini ne na ɗan lokaci? Shekara nawa, ko kuwa har abada aka rubuta? A Nijeriya kaɗai, ko duniya duka? Kashi nawa cikin ɗari ne nasa, kuma yaushe za a nuna masa lissafi? Kuɗin da aka damƙa masa tun farko, kyauta ce, ko bashi ne da za a zare daga rabonsa? An hana shi yi wa wani waƙa, ko ba a hana ba? Wanda ya iya gano waɗannan shida a takarda ya fi mai zuba Turanci a baki wanda ba ya karatu. Irin Turancin da nake nufi ke nan, saurayi mai himma kuwa ba zai shekara yana nemansa ba.

Ko ba kamfani, bukatar tana nan. Mai son sa waƙarsa a YouTube ko Audiomack ko Spotify, wanda ya shigo Nijeriya a 2021, sai ya cika fom, ya rubuta sunan mai waƙa da inda kuɗi za su faɗa. YouTube ba ya raba kuɗin talla na dogon bidiyo sai mutum ya tara mabiya 1,000 da kallo mai yawan gaske. In wani ne ya buɗe shafin da sunansa domin shi ya iya Turanci, to ranar da kuɗi suka zo ƙofarsa za su buga.

Na san dattawa za su ce Turanci zai ɓata wa yara harshe. Tsoronsu yana da tushe, gama mun ji waƙoƙin da aka cakuɗa har ba su zama Hausa ba, ba su zama Turanci ba. Amma mu dubi maƙwabtanmu na Nijar. Bombino mutumin Agadas da Buzanci yake waƙa, ya je Amurka ya ɗauki faifan da ya fito a 2013, aka kuma sa shi cikin 'yan takarar kyautar Grammy ta 2019. Ƙungiyar Tal National ta Yamai, mai waƙa da Hausa da Zabarmanci, wani kamfanin Ingila ya fitar da faifanta a 2013. Harshen gida duniya ta saya daga gare su. A 2025 Nijar ta mai da Hausa harshen ƙasa, duk da haka ta bar Faransanci da Turanci a matsayin harsunan aiki. Ashe riƙe na gida bai hana sanin na ofis ba.

Wasu kuma za su ce ai akwai tafinta da lauya. Gaskiya ne, babban ciniki sai da lauya, domin ko Turawa ana cutarsu da takarda. Amma wane ɗan kasuwa ne zai bar yaron mai saye ya auna masa hatsi? Akwai dokar da ta tilasta wa marubucin takarda ya karanta wa wanda bai iya karatu ba, ya kuma sa sunansa da adireshinsa. Sai dai amfaninta a kotu ne, bayan aikin gama ya gama, talaka kuwa ya san kuɗin shari'a.

Saura ina za a koya. Ba mu manta ba, rashin tsaro ya tarwatsa garuruwa ya rufe makarantu da dama a ƙasar Isa da Sabon Birni, har a 2021 aka katse layukan waya. Wannan nauyi ne a wuyan hukuma. Muna kira ga ƙananan hukumomin nan biyu da hukumar ilmin manya ta Jihar Sakkwato su buɗe ajin yamma inda ake da zaman lafiya, irin na Yaƙi da Jahilci na da, a koyar da karanta yarjejeniya da rasit da fom ɗin banki. Ajin nan zai amfani mai albasa kamar yadda zai amfani mai kalangu.

Kafin nan mu ma mu yi namu. Malaman makaranta da akawuna su ba da awa ɗaya a mako. Ɗan kasuwar da ya sa aka yi wa hajarsa waƙa ya rubuta sharaɗi da Hausa da Turanci, kowa ya riƙe kwafinsa. Ku kuma samari, kada ku dangwala yatsa a takarda ranar da aka miƙo muku ita. Ku tafi da ita gida ta kwana, ku nuna wa wanda ba shi da rabo cikin cinikin. Mai gaskiya zai jira gobe. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka a fara koyo tun yanzu.

Allah ya ba ƙasar Gobir zaman lafiya, ya sa kowa ya ci guminsa, amin.