Baƙo Mai Gudun Asuba a Kurmi

Likitoci sun daɗe suna gargaɗin masu hawan jini da ciwon sukari su riƙa motsa jiki, kuma 'yan Arewa mazauna Ikko da Badun da Fatakwal sun fara jin wannan magana. Ɗan kasuwar da ke wuni zaune kan buhunan albasa yanzu yakan sayi takalmin gudu, wani kuma ya sayi keke. Madalla da haka. Sai dai akwai abin da likita ba ya faɗa: a Kurmi, wanda aka gani yana gudu cikin duhu, ba a kuwa san fuskarsa ba, ɓarawo ake fara zato.

Duk wanda ya zauna cikin Yarbawa ya san kalmar "Ole". Mutum ɗaya ya ishe ya ɗaga murya da ita, kafin baƙo ya buɗe baki jama'a sun taru da sanduna da tsohuwar taya. A 2012 taron jama'a ya kashe ɗalibai 4 na Jami'ar Fatakwal a ƙauyen Aluu bisa zargin sata. A watan Maris na 2025 aka kashe mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta Jihar Edo, suna kan hanyar komawa gida Kano. Waɗannan bayin Allah ba motsa jiki suka fito ba, amma abin da ya same su ya nuna yadda zargi ke zama kisa nan take. Alhakin yana wuyan waɗanda suka yi kisan, hukunci kuwa aikin hukuma ne. To, amma hukuma ba ta tare da mai fita bayan sallar Asuba.

Saboda haka wajibi ne mai son gudu ya sa unguwa ta san shi tukuna. Ya shaida wa mai gidan da yake haya, ya shaida wa 'yan sintiri da masu gadin ƙofar layi, waɗanda galibinsu ma 'yan uwansa ne daga Arewa ko Nijar. Ya bari gari ya waye. Ya sa kayan wasanni, domin mai gudu da jallabiya da silifa ya fi kama da wanda aka biyo. Wuƙar da wasu suka saba ɗaurawa a damtse ta zauna a gida. Sa'an nan gaisuwa. Bayarabe ba ya wasa da ita, kuma tsohuwar da aka ce wa "E kaaro ma" kowace safiya, ita ce za ta fara cewa ta san wannan yaro ranar da wani ya yi ihu.

Akwai kuma ranakun Oro, lokacin da al'adar Yarbawa ta hana mata da baƙi fita. Mutanen Shagamu ba su manta da rikicin Yuli 1999 ba, wanda ya taso daga irin wannan dare, har wutarsa ta kai Kano. Ba sai Musulmi ya yarda da Oro ba kafin ya san ranarsa. Ya kamata Sarakunan Hausawa su riƙa sa ana sanarwa a masallatai.

Maganar keke ta fi sauƙi. A gida yaro mai tarbiyya yakan sauka daga keke in zai wuce dattawa, kada a bar wannan hali a Jebba. Direban danfo dai ba ya ganin mai keke, don haka a guji bin hannun da ba naka ba, a sa fitila, a kuma naɗe babbar riga kada sarƙa ta ci ta.

Abin da ya fi duka shi ne fita cikin taro. Tun 2016 aka fara tseren kilomita 42 na Ikko, wanda 'yan Kenya da Habasha suka saba cinyewa, kuma saboda shi mutanen gari sun saba ganin ƙungiyoyin masu gudu a Surulere da kan gadar Lekki zuwa Ikoyi. Me zai hana samarin Agege da Idi-Araba, ko na Sabon Badun, su kafa tasu? Riga iri ɗaya da sunan unguwa a baya, da safiyar Asabar, da dattijo guda a gaba, sun isa a fara.