Sababbin Finafinan Littafi Mai Tsarki: Wanne Ya Dace Da Iyali?

Shekarar 2025 ta zo wa iyalan Kirista masu kallon fim a gida da abin da ba a saba gani ba. A watan Fabrairu kamfanin Amazon ya fara nuna House of David, watau labarin Sarki Dauda, a tasharsa ta Prime Video. A watan Afrilu aka saki The King of Kings, fim ɗin katun a kan rayuwar Yesu Kristi. Kusan a lokaci guda zango na 5 na The Chosen ya fito. Watan Satumba ya kawo wani katun mai suna Light of the World, sa'an nan a watan Disamba aka rufe shekara da David, shi ma katun ne mai waƙoƙi da yawa. Da aka gama nuna su a gidajen silima na ƙasashen waje, sai suka fara gangarowa cikin wayoyi da talabijin na gidajenmu.

Iyaye da yawa a ikilisiyoyinmu sun yi murna, kuma suna da dalili. Mun daɗe muna kuka a kan abin da yara ke kallo. Yanzu ga finafinai masu ɗauke da sunan Yesu da na Dauda, an kashe musu kuɗi, hotonsu ya fita tas, yara kuma na zama su kalla ba sai an tilasta musu ba. To, abin tambaya a nan shi ne, da zarar fim ya ɗauki suna daga Littafi Mai Tsarki, ya zama na iyali ke nan, har a miƙa wa yaro waya a tafi kasuwa?

Kafin a amsa, ya kamata mu san abin da ya jawo wannan yawa. A shekarar 2017 wani Ba'amurke mai suna Dallas Jenkins ya shirya ɗan gajeren fim a kan haihuwar Yesu domin majami'arsu. Da mutane suka gani suka yaba, sai aka nemi gudummawa domin a faɗaɗa aikin. Mutum fiye da 16,000 suka haɗa kimanin dala miliyan 10, da wannan kuɗi ne aka fitar da zangon farko na The Chosen a 2019. Manyan kamfanoni suka lura cewa akwai kasuwar da suka yi wa riƙon sakainar kashi. The King of Kings ya ƙara tabbatar musu da haka. Wani ɗan Koriya ta Kudu, Jang Seong-ho, shi ya shirya shi, kamfanin Angel Studios na jihar Utah ya rarraba, ya kuwa tara fiye da dala miliyan 60 a Amurka kaɗai, abin da babu wani fim ɗin Koriya da ya taɓa yi a ƙasar.

Ni ban ga laifi ba idan mai aiki ya ci ribar aikinsa, kuma da yawa cikin masu shirya waɗannan finafinai masu bi ne da suka furta bangaskiyarsu a fili. Amma kasuwa tana da tata doka. Mai fim mai dogon zango yana bukatar mai kallo ya dawo gobe. Bishara ta hannun Markus sura 16 ce, mai karatu da ƙarfi zai gama ta cikin ƙasa da awa biyu. The Chosen kuwa an tsara shi zango 7, zango 5 na farko kaɗai sun ƙunshi kashi 40. Da me za a cika sauran lokacin? Dole marubuta su ƙago labari, su ba mutanen da Bishara ta ambata sau ɗaya iyali da bashi da soyayya da baƙin ciki.

Nan ne gizo ke saƙar. Alal misali, abin da muka sani game da auren Bitrus kaɗan ne ƙwarai. Markus 1:30 ya ambaci surukarsa da ke kwance da zazzaɓi, 1 Korintiyawa 9:5 kuma ya nuna yana tafiya da matarsa. Ba a faɗi sunanta ba. A cikin The Chosen sunanta Eden, tana da hali da magana, har a zango na 3 ta yi ɓari, wannan ya zama sanadin fushin Bitrus da Ubangiji. An ba Toma budurwa mai suna Ramah, wadda wani jami'in Roma ya kashe a zango na 4, aka nuna kamar daga nan ne shakkar Toma ta samo tushe. An nuna Nikodimu yana ƙoƙarin fitar da aljanu daga Maryamu Magadaliya ya kasa. An sa Bitrus ya ci bashin haraji har ya fita kamun kifi ran Asabaci. Ko ɗaya cikin waɗannan babu shi a Bisharu huɗu.

A yi musu adalci, masu fim ɗin ba su ɓoye ba. A farkon kashi na ɗaya sun rubuta cewa sun ƙara labarai da maganganu, suka kuma shawarci mai kallo ya karanta Bisharu da kansa. Sai dai rubutun da Turanci ne, yana wucewa cikin 'yan daƙiƙoƙi, abin da ido ya gani kuwa yana zama shekaru. A ajin baftisma da nake koyarwa, wani matashi ya taɓa tsayawa a kan cewa Toma ya yi shakka ne domin an kashe masa budurwa. Da na ce ya buɗe Yohanna sura 20 ya nuna mana wurin, ya duba har sau biyu, yana mamakin yadda aka yi labarin ya ɓace daga Littafinsa. Yaron ba sakarai ba ne, yana cikin masu ƙwazo a ajin. Fim ne ya riga Littafi shiga kansa.

Wannan ba sabon ciwo ba ne a wurinmu. Tambayi kowane yaron Sande Sukul yawan masu hikimar da suka zo daga gabas, zai ce uku ba tare da tunani ba, alhali Matiyu sura 2 kyautai uku ya ambata, bai ƙidaya mutanen ba. Hotuna da wasan Kirsimeti ne suka koya mana ukun. Haka kuma fim ɗin Yesu na 1979, wanda aka juya zuwa Hausa, aka riƙa haska shi da majigi a filayen ƙauyuka. Wannan fim ya bi Bishara ta hannun Luka sau da ƙafa, an fassara shi cikin harsuna fiye da 2,000, ya kuma yi amfani ƙwarai a aikin bishara. Duk da haka har yau akwai dattawan da idan suka rufe ido a addu'a, fuskar Brian Deacon, Baturen Ingila da ya fito a matsayin Yesu, ita suke gani. Idan fim ɗin da bai ƙara kusan kome ba ya bar irin wannan tabo, ina ga wanda rabinsa ƙari ne?

Game da ƙananan yara, a ganina The King of Kings ya fi saura sauƙin sha'ani. Tushensa wani ɗan littafi ne da marubucin Ingila Charles Dickens ya rubuta wa 'ya'yansa tsakanin 1846 da 1849, ya hana a buga, sai a 1934 aka fitar da shi bayan rasuwar na ƙarshe cikin 'ya'yan. A fim ɗin, Dickens ne ke ba ɗansa Walter labarin Yesu, daga haihuwa har tashi daga matattu, an kuma nuna gicciyewa ba tare da zubar da jini mai firgitarwa ba. Abin da uba zai bayyana wa ɗansa shi ne, yaron nan Walter da kyanwarsa da ake gani suna yawo a Baitalami da Urushalima, tunanin yaro ne kawai, ba su cikin labarin. Abin da ya fi burge ni ma shi ne siffar fim ɗin kansa, watau uba ne zaune yana ba ɗansa labari da bakinsa. Light of the World ya bi labarin ta idon Yohanna, aka mai da shi ɗan yaro domin yara su ga kansu a cikinsa, ko da yake Bishara ba ta faɗi shekarunsa ba. David, wanda wani kamfanin Cape Town a Afirka ta Kudu ya zana, shi ma domin yara aka yi shi.

House of David kuwa wani abu ne dabam, kada kamannin suna ya ruɗe mu. Na manya ne. Akwai yaƙi da sara da jini, tun kashin farko ake nuna yadda Sama'ila ya kashe Agag sarkin Amalekawa. Gaskiya ne labarin yana 1 Sama'ila sura 15, amma karanta aya ɗaya a sujadar safe dabam ne da yaro ɗan shekara 6 ya ga takobi yana sauka. An kuma shigo da tatsuniyoyin Yahudawa na baya, kamar cewa Orfa ce mahaifiyar Goliyat. The Chosen ma na matasa da manya ne. Kashinsa na farko yana buɗewa da mace mai aljanu da gidan giya, zango na 4 ya ƙunshi yanke kan Yohanna Mai Baftisma, masu shi kuma sun sanar cewa zango na 6 a kan gicciyewa ne.

A ƙasashen da aka yi finafinan, akwai alamar shekaru a jikin kowane ɗaya. Mu ma muna da Hukumar Tace Finafinai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1993, tana sa alamomi irin su G da PG da 12 da 15 da 18. Amma ta wace hanya fim ke shigowa yawancin gidajenmu? A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100, mafi ƙarancin albashi kuwa naira 70,000 aka tsayar a 2024. Magidanci nawa ne zai biya kuɗin wata na Prime Video, ya sayi data, ya kuma sayi man janareta? Ko The Chosen da ake iya kalla kyauta a manhajarsa, data yake ci. Saboda haka fim na zuwa ne ta shagon masu turi a bakin tasha, ko daga wayar aboki. Abin da aka tura ba shi da kwali, ba shi da alamar shekaru, sau da yawa kuma a cikin memori ɗaya yake tare da wasu abubuwan da mai shago ya ƙara domin cike gurbi. Bayan wannan, ba da izinin masu shi aka tura ba, batun da mu masu koyar da Dokoki Goma ba za mu yi kamar ba mu gani ba.

Wurin kallon ma ya canja. A zamanin kaset ɗin bidiyo, talabijin ɗaya ce a falo, yaran maƙwabta zaune a ƙasa, uwa tana tsinke ganye tana kallo da gefen ido, idan abin kunya ya zo ta ce a kashe. Yanzu kowa da wayarsa da abin sa wa a kunne. Fim ɗin da aka kira na iyali, yaro shi kaɗai ke kallonsa cikin ɗaki.

Sa'an nan ga babbar matsala, harshe. Da Turanci waɗannan sababbin finafinai ke iso mana, da karin harshen da ko mai sakandare sai ya kasa kunne. A gida da yawa uwa ba ta ji, kaka ba ta ji, sai ɗan shekara 12 ya zama tafinta. Watau shi ke gaya wa iyayensa abin da Yesu ya ce, haɗe da duk ƙarin da marubutan Amurka suka yi, su kuwa ba su da hanyar tantancewa. Maimaitawar Shari'a 6:7 ta ɗora koyarwa a wuyan iyaye, ga shi tsarin ya juye. Shawarar da nakan ba iyaye ita ce su nemi sanin sashen Littafi da fim ɗin ya taɓa, a karanta shi da Hausa a sujadar iyali kafin a kunna, bayan an gama kuma a tambayi yara su nuna abin da suka gani a fim wanda babu a karatun. Yara na son wannan wasa, kuma uwar da ba ta jin Turanci tana iya shugabantarsa, gama Littafin yana hannunta.

Amma wannan magani ne na gida ɗaya ɗaya. Tun 1932 muke da Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, finafinan da za mu ba yaranmu da Hausa kuwa ba su taka kara sun karya ba. A Kano, 'yan kasuwa irin su Algaita sun nuna cewa juya fim zuwa Hausa ba ya bukatar dukiya mai yawa, yaranmu kuma na cikin masu kallon Indiya-Hausa. A kudu, Mike Bamiloye ya kafa Mount Zion a 1985, suka yi Agbara Nla da Yarbanci, yanzu 'ya'yansa na sakin finafinai kyauta a YouTube. Gidauniyar Come and See, mai ɗaukar nauyin The Chosen, ta ce burinta ta kai shi harsuna 600, wanda ke nuna masu finafinan na neman waɗanda za su yi aikin fassara da su. Jos na da Cibiyar Koyar da Aikin Fim ta Ƙasa, a Jos ɗin kuma hedkwatar ECWA da ta COCIN da ta TEKAN suke. Ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na matasa da na zumuntar mata suna nan a kowace gunduma, masu murya da iya Hausa ba su yi mana kaɗan ba. Abin da ya rage shi ne wata majalisar ikilisiya ta sa batun cikin kasafinta, ta naɗa wanda zai rubuta wa masu finafinan neman izini, ta kuma zaɓi malaman Littafi biyu ko uku da za su zauna da masu fassara tun daga shafin farko.