Cipro da "taifot" ɗin da ba ya ƙarewa

Jama'a, ina da magana kan ɗabi'ar nan tamu ta shiga kemis a ce "a ba ni Cipro" duk ranar da jiki ya yi zafi.

Bari in ɗan yi bayanin yadda maganin ke aiki, don a nan matsalar take. Kafin ƙwayar bakteriya ta rabu biyu, sai ta kwafi DNA ɗinta. DNA kuwa zare biyu ne a murɗe kamar igiya, kuma duk wanda ya taɓa warware igiya ya san kana buɗe nan, gaba na ƙara cukurkuɗewa. Akwai wani furotin mai suna jaires, wanda Martin Gellert da abokan aikinsa suka gano a Amurka a 1976. Aikinsa ya yanke zaren, ya sassauta murɗin, ya sake haɗa shi. Da masana suka fitar da siffarsa tsaf, sai suka ga Cipro daidai wurin yankan yake shiga ya maƙale, kamar tsinke a cikin kwaɗo. Zare ya yanke, bai haɗu ba, ƙwayar ta mutu.

To wurin da maganin ke kamawa ɗan mitsitsi ne. Amino asid ɗaya tak, na 83 a jerin, idan ya sauya, riƙon ya yi sako-sako. Kai da ka sha kwana biyu ka ajiye don ka ji sauƙi, masu rauni ka kashe, ka share wa masu wannan sauyin fili.

Ba tatsuniya ba ce. A 2016 taifot ya ɓarke a Hyderabad ta lardin Sindh a Pakistan, wanda Cipro ba ya taɓa shi, allurar ceftriaxone ma haka.

Na san za a ce layin asibiti, ga tsadar gwajin noman ƙwaya a jini. Gaskiya ne, ni ma na sha zaman layin nan. Amma gwajin Widal da muke dogara da shi yakan nuna taifot ga mai maleriya, har ga mai lafiya lau. Wallahi da yawanmu cutar da ba mu da ita muke sha wa magani.

Ni dai a ganina, mai kemis ya daina yanka katin Cipro yana sayar da ƙwaya huɗu, hukuma kuma ta sauƙaƙa kuɗin gwajin jini a asibitocin gwamnati. Wanda likita ya rubuta wa kuwa, don Allah ya shanye har ƙwayar ƙarshe.