Mizanin da Ake Auna Yaranmu da Shi a Ƙofar Makarantun Kwana

Kowace shekara, tun daga sa'ad da hunturu ya fara ja da baya har zuwa faɗuwar ruwan fari, akwai wata hidima da kan tashi a gidajen ma'aikata da 'yan kasuwa da manoman citta na Kafanchan da Zonkwa da Kwoi da Kachia, wadda ba ta da ganga ba ta da shela, amma tana hana iyaye barci, ita ce neman wa yaro ɗan aji shida gurbi a ɗaya daga cikin makarantun kwana na kuɗi waɗanda sunansu ya game ƙasa. Wani Jos ya nufa, wani Kaduna, wani kuwa hankalinsa na kan irin su Loyola Jesuit ta Gidan Mangoro a yankin Abuja, wadda aka buɗe a 1996, wadda kuma masu nemanta suka fi guraben da take da su yawa nesa ba kusa ba.

Ba na ganin laifin uban da ya nema wa ɗansa ilmi mai inganci, domin tarbiyyar ɗa amana ce a wuyansa, kuma duk wanda ya tuna cewa a 2017 malaman firamare 21,780 na Jihar Kaduna suka kasa cin jarrabawar 'yan aji huɗu, ba zai tambayi dalilin da ya sa mutane suka yanke ƙauna daga makarantun gwamnati ba. Abin da nake ja da shi dai shi ne da'awar da makarantun nan ke yi, cewa jarrabawarsu hazaƙa kaɗai take aunawa, alhali kuwa an riga an tace yaran tun kafin a raba takardar tambayoyi.

A duba yadda abin ke gudana. Uba zai bar shagonsa ya zauna a shagon intanet yana jiran sabis ya dawo don a cike fom, ya biya kuɗin fom ɗin wanda ba a mayarwa ko an ci ko an faɗi, sa'an nan ya nemi malamin lesin na watanni. Ranar jarrabawa kuwa, in cibiyar tana Jos ko Abuja, sai su yi asubanci zuwa tasha, yaro na riƙe da leda mai fensir biyu da rula da hoton fasfo, su kwana a gidan ɗan'uwa in akwai, in babu a kama ɗaki. In Allah ya sa ya haye, sai a kira su ganawa, inda za a yi masa tambayoyi da Turanci, a kuma dubi iyayensa da kyau. Yaron da ya tashi a Godogodo ko Fadan Kagoma, wanda ke lissafin buhunan citta da ka tun yana ɗan shekara tara, wanda ke jin Hausa da harshen gidansu sarai amma Turancinsa na littafi ne, ba a kayar da shi ba, hasali ma bai ji labarin an yi jarrabawar ba. Mizanin da ba a ɗora mutum a kansa ba kuwa, ba shi da hujjar cewa mutumin ba shi da nauyi.

Abin da ya sa wannan mas'ala ta fi ciwo a kudancin Kaduna shi ne, tarihin yankin ya saɓa da ita. Tun da 'yan mishan na SIM suka sauka a Kwoi a 1910, daga baya suka kafu a Kagoro, kuma layin dogo daga Fatakwal ya mayar da Kafanchan mahaɗar jiragen ƙasa a 1927, ilmin boko ya shigo nan ne ta hannun 'ya'yan manoma da na leburorin reluwe, waɗanda aka ɗauko daga ƙauyuka da tabarma da akwatin katako, suka yi noma a gonar makaranta, daga bisani suka zama malamai da likitoci da hafsoshin soja. Bayan gwamnati ta karɓe makarantun mishan a 1972, kuma tafiya ta yi tafiya suka lalace a hannunta, sai majami'u da ƙungiyoyin Musulmi da attajirai suka kafa sababbi, waɗanda da yawansu ke ɗauke da sunan addini a allon ƙofa, amma jikan wancan manomin ba ya iya taka farfajiyarsu.

Na san masu makarantu suna da uzuri, kuma uzurin ba ƙarami ba ne. Abinci ya yi tsada, man janareto ya yi tsada, malamin kirki ba ya zama sai da albashin kirki. Tun kuma daren 5 ga Yuli 2021, da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 120 daga Bethel Baptist a ƙaramar hukumar Chikun, katanga da masu gadi sun zama wajibi, kuma babu uban da zai miƙa ɗansa bai tambayi wane ne ke kwana kusa da ɗakin yara ba. Duk da haka, akwai abubuwan da adalci ke bukata waɗanda ba su cin kuɗi mai yawa. A kawo cibiyar jarrabawa Kafanchan, inda ga kwalejin fasaha ta tarayya, ga kwalejin ilmi ta Gidan Waya a kusa, duk da ɗakunan da za su ɗauki ɗaruruwa. A bayyana kuɗin shekara gaba ɗaya, har da na kayan makaranta da na littattafai, kafin a sayar wa mutum fom, domin ɓoye farashi har sai an shaƙu da kaya ba ciniki ne na halal ba. A kuma ba lissafi da fahimta rinjaye a kan santsin baki, tunda Turanci abu ne da yaro mai basira kan kama cikin zango ɗaya ko biyu in ya sami mai koya masa da haƙuri.

Babban nauyin kuwa yana kan masu hali na ɓangarorin biyu, Musulmi da Kirista. Musulunci ya san wakafi, majami'a ta san baiko da zakka, ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai kuma suna tara kuɗi kowace shekara. Da an ware wani kaso tabbatacce don ɗaukar nauyin yara kaɗan daga makarantun firamare na gwamnati, a kowane aji, bisa zaɓen hedimastocinsu da jarrabawa ta gaskiya, da an ga fa'idarsa cikin shekara goma. Sai dai lalle ne alkawarin ya zama na shekara shida cif, a rubuce a takardar shiga. Mun ga abin da ya faru a 2023, lokacin da cuta ta ruɓar da citta a gonakin Kachia da Jaba da Kagarko, magidanta suka wayi gari ba su da abin sayarwa. Makarantar da ta zaɓi yaro da kanta, ta shaida cewa ya cancanta, bai kamata ta ɗora masa akwati a ka a tsakiyar zango don amfanin gonar ubansa ya lalace ba. A ɗaga wa uban ƙafa zuwa kaka mai zuwa, ko asusun tallafin ya cike giɓin.