Darasin Ikhlasi Daga Filin Ƙwallon Amurka



A ƙwallon ƙafa irin ta Amurkawa, ƙarti biyar ke tsayawa a sahun gaba, suna tare abokan hamayya domin mai jefa ƙwallo ya sami sarari. Da wuya su ci maki, ba a cika ambatonsu ba sai sun yi laifi. Cikin waɗanda suka taɓa tsayawa a wannan sahu akwai ɗan'uwanmu Musulmi, Ryan Harris, wanda Denver Broncos ta ɗauka a 2007, ya ci kofin Super Bowl da ita a 2016.

A ganina, irin wannan sahu ne ya yi ƙaranci a da'awarmu. Kowa lasifika yake nema. To, wa zai share masallaci, ya koya wa yara babbaƙu? Aikin ɓoye ya fi nisa da riya.

Allah Ya ba mu ikhlasi, amin.