Kwalliyar Elaine Ta Biya Kuɗin Sabulu

Tun da fim ɗin The Love Witch ya fito a 2016 ake ta maimaita hukunci ɗaya a kansa: wai ido ya sha kallo, amma labari babu. Mu dai ba mu yarda ba.

Babu musu, Anna Biller ta zuba ado har ya yi yawa. Ita ta rubuta labarin, ta ba da umarni, ta tace hotunan, ta tsara tufafi da ɗakuna. An ɗauki fim ɗin da faifai mai milimita 35, launukansa jajir da shuɗi shar kamar finafinan Hollywood na shekarun 1960. Sai dai masu ƙorafin sun manta su tambayi kansu: wa ke sanye da adon nan, kuma don me?

Elaine, wadda Samantha Robinson ta fito a matsayinta, matsafiya ce da ta koma wani gari a Kalifoniya bayan mutuwar mijinta, tana neman wanda zai so ta. Aƙidarta ita ce mace ta zama duk abin da namiji ke mafarki. Gashin kanti, jambaki, shuɗin kwalli a fatar ido, duk kayan aiki ne, daidai da haɗin da take zuba wa maza a abin sha. Wanda ya taɓa jin hirar mallaka da kayan mata a gidan biki ba ya buƙatar a fassara masa wannan. Kuma asirin yana ci. Malamin jami'a Wayne ya sha, ya kwana yana kuka yana kiran sunanta, ita kuwa ta raina shi, washegari ya mutu. Richard, mijin ƙawarta Trish, ya kashe kansa.

Ku dubi inda Trish ta shiga ɗakin Elaine, ta zauna gaban madubi, ta sa gashin, ta shafa jambakin. Matar da ke alfahari da aikinta da 'yancinta, ga ta tana gwada fuskar wadda ta ƙwace mata miji, ba ta ma sani ba tukuna. Babu dogon zance a wurin, madubi da kayan shafa ne suka ba da labarin. A cire su, me ya rage? Sannan ga wayar salula da motocin zamani sun kutso cikin wannan duniya mai kama da ta jiya, don kada mu ce matsalar ta wuce da kakanni.

Inda za mu ba masu suka gaskiya shi ne tsawo. Awa biyu ta yi yawa, kuma auren wasan da aka ɗaura wa Elaine da ɗan sanda Griff a dandalin masu shigar mutanen da ya ja har mun fara duba agogo. Amma shi ma bai tafi a banza ba. Da Griff ya ƙi faɗawa tarkonta, ta caka masa wuƙa a ƙirji, kuma auren nan ne ya dawo mata a zuci tana murmushi, jini a hannunta.