Kafin Ka Sayi Gida A Nasarawa GRA

A littattafanmu, da zarar Alhaji ya yi kuɗi sai mu kai shi Nasarawa GRA. To mai shirin saye, tsaya ka ji.

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, can suka keɓe wa kansu, nesa da hayaniyar birni. Har gobe tsarin yana nan: manyan filaye, inuwar bishiyoyi, ga Gidan Gwamnati kusa. Ka bi Sultan Road da hantsi, tsit kake ji.

Amma shirun nan kuɗi ne. Kai za ka haƙa burtsatse, ka sa sola, ka biya maigadi. Takardar mallaka kuwa, ka tantance ta a ma'aikatar ƙasa kafin ka biya ko sisi.

Abin da ya fi damuna shi ne uwargida. Matar da ta saba da "salamu alaikum, a ba ni aron turmi", ka rufe ta bayan dogon get, ranar haihuwa ko rashin lafiya wa zai leƙo? Ni dai shawarata, ka nemi maƙwabci kafin gida, kuma ka ji ta bakinta tukuna.